BABI NA UKU: MANTIƘI, MA'ANA DA HAMAYYA A TAFIYAR DADA TA JAMUS

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda mazhabobin adabi da fasaha suka riƙa ɓullowa a nahiyar Turai a farkon ƙarni na ashirin, kowace tana sukar wadda ta gabace ta. Wannan babi zai keɓe ɗaya daga cikinsu, wato tafiyar da ake kira Dada, musamman reshenta na birnin Balin a ƙasar Jamus, wanda ya yi tashe daga 1918 zuwa wajen 1922.

An san 'yan Dada da iƙirarin cewa sun raba gari da mantiƙi, kuma ayyukansu ba su ɗauke da wata ma'ana da za a tsaya nema. To amma duk wanda ya bi tarihinsu zai ci karo da wani abu mai ɗaure kai. Mutanen da suka ce kalmar Dada ba ta nufin komai, su ne kuma suka shafe fiye da shekara talatin suna jayayya a kan wanda ya ƙago ta, da wanda ya cancanci ya amsa ta. Manufar wannan babi ita ce a nuna cewa rashin ma'anar da suka yi ta shela makami ne mai manufa, kuma hamayyar da ta raba kansu ta taso ne daga saɓani a kan abin da za a yi da wannan makami.

A nan, idan an ce mantiƙi ana nufin tsarin tunani wanda ake ɗora hujja a kan hujja har a kai ga sakamako. Ma'ana kuwa ita ce abin da mai sauraro ko mai kallo yake fahimta daga magana ko zane. Hamayya kuma ita ce ja-in-ja da neman fifiko tsakanin mutanen da suke tafiya ɗaya.

3.1 Tushen Tafiyar Dada

Ba za a fahimci Dada ba sai an waiwayi Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka yi daga 1914 zuwa 1918. Kafin yaƙin, ƙasar Jamus tana alfahari da jami'o'inta da masana falsafarta da ci gabanta na kimiyya. Da yaƙi ya ɓarke, sai aka ga wannan ilmi ya koma bawan yaƙi. A watan Oktoba 1914, fitattun masana da marubuta da masu fasaha na Jamus su 93 suka sa hannu a kan wata takarda da ke kare matakin sojojin ƙasarsu. Ɗaya daga cikinsu, masanin kimiyyar haɗa sinadarai Fritz Haber, shi ne ya jagoranci amfani da iskar guba a fagen daga a watan Afrilu 1915. Kafin a kai ƙarshen yaƙin, sojojin Jamus kimanin miliyan biyu suka rasa rayukansu.

Wasu matasa marubuta da masu zane sun tsere wa wannan yaƙi zuwa birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, wadda ba ta shiga faɗan ba. A ranar 5 ga Fabrairu 1916, Hugo Ball da Emmy Hennings, dukkansu Jamusawa, suka buɗe wani ɗan ƙaramin gidan wasa mai suna Cabaret Voltaire. Nan da nan Tristan Tzara da Marcel Janco, 'yan ƙasar Romaniya, da Hans Arp, suka shiga cikinsu. Daga baya Richard Huelsenbeck, wani ɗalibin likitanci, ya iso daga Balin. A wannan gida aka riƙa karanta waƙoƙin da ba su ƙunshi kalmomin kowane harshe ba sai sautuka zalla. A nan ne kuma mutum uku suka hau dandamali suna karanta waƙa ɗaya a lokaci guda cikin harsuna uku, wato Jamusanci da Faransanci da Ingilishi, yadda mai sauraro ba zai iya bin ko ɗaya ba.

Hujjar waɗannan matasa a fili take. Sun ce da kalmomi masu daɗi irin su kishin ƙasa da ɗaukaka da wayewa aka tura samari mahallaka, kuma da lissafi da tsari aka shirya kisan. Idan haka hankali ya haifar, to hankalin ma abin tuhuma ne.

3.2 Shigowar Dada Birnin Balin

Huelsenbeck ya koma Balin a farkon 1917, ya tarar da gari cikin yunwa da fatara. A farkon 1918 ya gabatar da jawabinsa na farko a kan Dada, sannan aka kafa ƙungiya mai suna Club Dada. A ranar 12 ga Afrilu 1918 suka yi babban taronsu na farko, inda aka karanta takardar manufarsu. Manyan 'yan ƙungiyar su ne Huelsenbeck, da Raoul Hausmann, da George Grosz, da John Heartfield da ƙanensa Wieland Herzfelde, da Johannes Baader, da Walter Mehring, da kuma Hannah Höch, wadda ita kaɗai ce mace a tsakiyarsu. Tun a 1916 Grosz da Heartfield suka mayar da sunayensu irin na Turawan Ingila, domin nuna ƙyamarsu ga ƙiyayyar Ingila da ake cusa wa jama'a a lokacin.

Yanayin Balin ya sha bamban da na Zurik. A ranar 9 ga Nuwamba 1918 aka ba da sanarwar saukar sarkin Jamus, Wilhelm na Biyu, daga gadon sarauta, aka kafa jamhuriya. A watan Janairu 1919 aka murƙushe boren 'yan gurguzu a titunan birnin, aka kashe shugabanninsu biyu, Rosa Luxemburg da Karl Liebknecht, a ranar 15 ga watan. A ƙarshen 1918 Grosz da Heartfield da Herzfelde suka shiga sabuwar jam'iyyar Kwaminis ta Jamus. Saboda haka Dada ta Balin ta tashi ne cikin siyasa tsundum, kuma wannan shi ne ya bambanta ta da ta Zurik.

3.3 Matsayin 'Yan Dada Game da Mantiƙi

Babbar ƙa'idar da masana mantiƙi suka kafa tun daga zamanin Aristotil ita ce, magana ba za ta zama gaskiya kuma ƙarya a lokaci guda ta fuska guda ba. Wannan ƙa'ida ce 'yan Dada suka fi kai wa hari, kuma ana iya kasa hanyoyin da suka bi zuwa gida uku.

Hanya ta farko ita ce tufka da warwara da gangan. Takardar manufar da aka karanta a Balin a watan Afrilu 1918 ta ƙare ne da nuna cewa wanda duk ya yi adawa da takardar, shi ma ɗan Dada ne. Idan aka duba da kyau, wannan tarko ne. Wanda ya yarda ya shiga, wanda ya ƙi ma ya shiga, ke nan ba a bar wa mai suka wurin tsayawa ba. Haka nan Tzara, a tasa takardar manufar ta 1918, ya nuna cewa shi ba ya goyon bayan rubuta takardun manufa, alhali kuwa ita yake rubutawa.

Hanya ta biyu ita ce miƙa aiki ga dace. A 1918 Hausmann ya samar da wasu waƙoƙi waɗanda baƙaƙe ne kawai aka jera a babbar takarda. A cewarsa, ya bar wa ma'aikacin ɗab'i ne ya tsamo baƙaƙen yadda suka zo hannunsa. Tzara kuma ya ba da shawarar a yayyanka labarin jarida kalma-kalma, a zuba a jaka, a girgiza, a riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fito shi ne waƙa. Manufar ita ce a cire hannun mai tsarawa daga cikin aiki.

Hanya ta uku ita ce aron rigar mantiƙi domin a yi masa ba'a. A 1919 Hausmann da Huelsenbeck da Jefim Golyscheff suka buga jerin buƙatun Dada, an tsara su daki-daki da lambobi kamar na jam'iyyar siyasa. Daga ciki akwai buƙatar a yawaita rashin aikin yi ta hanyar miƙa kowane aiki ga na'ura, da buƙatar a tilasta wa limaman coci da malaman makaranta su yi mubaya'a ga aƙidar Dada. A wani taronsu na wannan shekara har tsere aka shirya tsakanin keken ɗinki da keken rubutu.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku da jahilin mantiƙi zai iya bi. Sai wanda ya san ƙa'ida ne yake sanin inda zai karya ta har a ji zafi. Hausmann kansa mai karatun falsafa ne, kuma ya tasirantu da Salomo Friedlaender, wanda ya wallafa littafi a 1918 a kan cewa ƙirƙira tana tasowa ne daga tsakiyar kishiyoyi biyu, inda babu wanda ya rinjayi wani. Wannan ya nuna cewa tufka da warwarar Dada tana da tushe na tunani.

3.4 Ma'ana a Cikin Rashin Ma'ana

Masana ilmin ma'ana sun nuna cewa ma'anar magana ba ta tsaya ga kalmomi kaɗai ba. Wurin da aka yi maganar, da lokacin, da wanda aka yi wa, duk suna da rabo a cikinta. Idan aka auna ayyukan 'yan Dada na Balin da wannan ma'auni, za a ga cewa jama'ar zamaninsu sun fahimce su sarai.

Misali na farko shi ne fasahar haɗe-haɗen hotuna, wato a yanko hotuna da rubuce-rubuce daga jaridu da mujallu a manna su wuri guda. Kowane yanki yana zuwa da tsohuwar ma'anarsa, amma da zarar an ajiye shi kusa da wani sai sabuwa ta fito. A babban aikin Hannah Höch na 1919 zuwa 1920, wanda sunansa yake nuni ga yanka da wuƙar ɗakin girki, an ga kawunan sarkin da aka tuɓe da janar-janar da 'yan siyasa a kan jikunan da ba nasu ba, cikin tarin ƙafafun injuna. A kusurwar ƙasa ta dama ta manna taswirar Turai mai nuna ƙasashen da mata suka sami 'yancin jefa ƙuri'a, ta kuma liƙa ɗan hoton fuskarta a gefe. Matan Jamus sun fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ne a watan Janairu 1919. Duk mai karanta jarida a lokacin ya san inda ta dosa.

Misali na biyu shi ne kan gunkin katako da Hausmann ya samo irin na masu gyaran gashi, ya liƙa masa ma'aunin tela da abin awo da lamba da wasu tarkacen na'ura, ya ce wannan shi ne ruhin zamaninsu. Saƙon shi ne mutumin zamani ba shi da komai a kansa sai abin da aka manna masa daga waje.

Misali na uku, wanda ya fi kowanne ƙarfin hujja, shi ne baje kolin Dada na ƙasa da ƙasa da aka yi a ɗakin nunin zane na Otto Burchard a Balin, daga 30 ga Yuni zuwa 25 ga Agusta 1920. Daga rufin ɗakin an rataye mutum-mutumi sanye da kayan soja, amma da kan alade, aikin Heartfield da Rudolf Schlichter. An kuma nuna wasu zane-zanen Grosz na zambo ga hafsoshi. Hukumar soja ta kai ƙara bisa zargin cin mutunci, kuma a watan Afrilu 1921 kotu ta ci Grosz tarar mak 300, ta ci Herzfelde, wanda ya buga zane-zanen, tarar mak 600. Da a ce ayyukan ba su da ma'ana, da babu dalilin zuwa kotu. Wani abin sha'awa kuma shi ne, a gaban alƙali an kare waɗanda ake tuhuma da cewa abin duk raha ne. Marubuci Kurt Tucholsky ya soke su a kan haka, yana ganin sun tsira ne ta hanyar ƙaryata aikinsu. Ke nan rashin ma'ana ya yi musu amfani sau biyu: takobi a dandamali, garkuwa a kotu.

3.5 Hamayya Tsakanin 'Yan Dada

'Yan Dada na Balin sun raɗa wa kansu muƙamai domin yi wa masu sarauta da masu digiri ba'a. Baader shi ne Oberdada, wato shugaban Dada. Hausmann shi ne Dadasoph, wato masanin falsafar Dada. Heartfield shi ne Monteurdada, wato makanikin Dada. Huelsenbeck kuma Weltdada, wato Dada na duniya. An fara da wasa, amma Hausawa sun ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Ba a daɗe ba sai neman fifikon da suke zargin wasu da shi ya bayyana a tsakaninsu. Za a duba wannan ta fuskoki huɗu.

3.5.1 Huelsenbeck da Tzara: Wa Ya Ƙago Kalmar?

Kalmar Dada tana da ma'anoni a harsuna daban-daban. A Faransanci tana nufin dokin wasan yara, a harshen Romaniya tana daidai da “i, i”, a Jamusanci kuma tana kama da gwarancin jariri. Huelsenbeck ya dage cewa shi da Hugo Ball ne suka tsinto ta a ƙamus na Faransanci da Jamusanci. Magoya bayan Tzara kuma suka ce shi ne ya samo ta. A 1921 Arp ya rubuta wata shaida yana cewa Tzara ne ya fara furta kalmar a wani gidan shan gahawa na Zurik a watan Fabrairu 1916 da ƙarfe shida na yamma. Sai dai ya ƙara da cewa yana wurin tare da 'ya'yansa goma sha biyu, da kuma burodi a cikin hancinsa na hagu, abin da ya nuna cewa shaidar kanta ba'a ce ga masu jayayyar.

A ƙarƙashin wannan gardama akwai saɓani na aƙida. A littafinsa na tarihin Dada mai suna En avant Dada, wanda ya fito a 1920, Huelsenbeck ya zargi Tzara da mayar da Dada wata sabuwar mazhabar fasaha domin neman suna, alhali a ganinsa Dada ta Jamus gwagwarmaya ce. Gabar ba ta mutu ba ko bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Lokacin da Robert Motherwell yake haɗa kundin rubuce-rubucen Dada da aka buga a Amurka a 1951, rikicin ya kai ga sai da aka buga sababbin bayanan mutanen biyu a takardu daban, a wajen littafin. A wannan lokaci kuwa matsayinsu ya juya: Tzara ya shiga jam'iyyar Kwaminis ta Faransa a 1947, shi kuwa Huelsenbeck yana zaune a Amurka yana adawa da gurguzu.

3.5.2 Huelsenbeck da Schwitters: Ƙwaya da Ɓawo

Kurt Schwitters mutumin birnin Hannover ne. Yakan tsinci tikitin mota da guntayen katako da tsumma da waya a titi ya haɗa su su zama hoto. Hausmann ya ba da labarin cewa Schwitters ya nemi shiga ƙungiyar Balin, amma Huelsenbeck ya hana. Dalilan da aka ambata su ne alaƙarsa da ɗakin nunin zane na Der Sturm, wanda 'yan Balin suke ɗauka a matsayin cibiyar mazhabar da suke yaƙa, da kuma irin rayuwarsa ta mai rufin asiri wanda bai damu da siyasa ba. A 1919 Schwitters ya raɗa wa tasa tafiyar suna Merz, kalmar da ya yanko daga tsakiyar sunan wani banki a cikin talla. A wannan shekara kuma ya fitar da waƙarsa An Anna Blume, wadda ta yi farin jini ƙwarai, kuma littafin da ta fito a ciki yana ɗauke da kalmar dada a bangonsa.

Wannan ya harzuƙa Huelsenbeck. A kundin Dada Almanach na 1920 ya bayyana cewa Dada ba ta da alaƙa da irin wannan aiki. Schwitters ya mayar da martani a wata maƙala da aka buga a 1921, inda ya kasa 'yan Dada gida biyu: 'yan ƙwaya da 'yan ɓawo. Habaicin yana cikin sunan abokin hamayyarsa, domin farkon sunan Huelsenbeck ya yi daidai da kalmar Jamusanci mai nufin ɓawo. A wurin Schwitters, 'yan ƙwaya su ne irin su Tzara da Arp waɗanda suka riƙe fasaha, 'yan ɓawo kuwa su ne waɗanda suka mayar da Dada siyasa.

A nan tambayar da ke tsakaninsu ta fito fili. Shin ana rusa ma'ana ne domin a rusa tsarin mulkin da ya jingina da ita, ko kuwa domin a gina sabon kyau daga ɓaraguzanta? Ba duk 'yan Balin ne suka bi Huelsenbeck ba. A watan Satumba 1921 Hausmann da Höch suka tafi birnin Firag tare da Schwitters suka yi wasa. A can ne Schwitters ya ji Hausmann yana karanta waƙarsa ta baƙaƙe, ya ɗauki sautukan ya gina doguwar waƙarsa ta sauti mai suna Ursonate, wadda ya kammala a 1932. Daga baya shi ma Hausmann ya riƙa jaddada cewa tushen waƙar nasa ne.

3.5.3 Rikicin Haɗe-haɗen Hotuna da Matsayin Hannah Höch

An kuma yi jayayya a kan wanda ya fara haɗe-haɗen hotuna. Hausmann da Höch sun ce sun samo dabarar ne a 1918, lokacin da suka je hutu bakin tekun Baltik, suka ga hoton soja na tunawa wanda aka manna masa fuskar ɗan gidan da suka sauka. Grosz kuwa ya ce shi da Heartfield ne suka fara tun 1916, suna manna guntayen hotuna da tallace-tallace a kan kwali. Labarin Hausmann da Höch da kansa ya nuna cewa talakawa sun riga su duka yin wannan aiki. Duk da haka kowane ɓangare ya nemi a rubuta sunansa a matsayin mai ƙirƙira, wato matsayin da Dada ta ce ta zo ta kawar.

Höch ce ta fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan hali. Grosz da Heartfield sun ƙi amincewa a nuna aikinta a baje kolin 1920, sai da Hausmann ya yi barazanar janye nasa. Ko a 1964, da Hans Richter ya wallafa tarihin Dada, ya fi tunawa da ita a matsayin wadda take kawo musu abinci da abin sha. Ga mutanen da suke shelar 'yantar da mata a rubuce, wannan ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A yau aikin nata da aka so a hana nunawa yana cikin taskar zane-zane ta ƙasa a Balin, kuma yana cikin ayyukan Dada da aka fi nazari.

3.5.4 Matsalar Baader

Johannes Baader masanin zanen gine-gine ne wanda hukuma ta taɓa yanke wa hukuncin taɓin hankali. A ranar 17 ga Nuwamba 1918 ya katse huɗuba a babban cocin Balin, aka kama shi. A 1919 ya watsa takardu a zauren majalisar da ke tsara kundin mulki a Weimar. Waɗannan ayyuka sun sa sunan Dada a jaridu, kuma ƙungiyar ta amfana. Amma da ya riƙa ɗaukar muƙaminsa na shugaban Dada da gaske, sai Huelsenbeck ya juya masa baya. A rangadin da suka yi a farkon 1920, Huelsenbeck ya ce Baader ya gudu da takardun wasa ana dab da hawa dandamali a Firag. Darasin da ke nan shi ne, ƙungiyar tana son hauka na dabara wanda ake iya sarrafawa. Da ta haɗu da wanda ba a iya ja masa linzami, sai ta nemi shata iyaka, shata iyaka kuwa aikin mantiƙi ne.

3.6 Watsewar Tafiyar

Bayan baje kolin 1920 ƙungiyar Balin ta fara watsewa. A taron da aka yi a Weimar a watan Satumba 1922, masu fasaha da dama sun riga sun karkata ga sababbin mazhabobi masu son tsari da gini. Grosz ya ci gaba da zanen zambo. Heartfield ya mayar da haɗe-haɗen hotuna makamin yaƙi da 'yan Nazi, kamar hotonsa na 1932 da ya nuna Hitila da tsabar kuɗi jere a cikin maƙogwaronsa har ciki.

Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, ba su bambanta ƙwaya da ɓawo ba. A baje kolin da suka buɗe a Miyunik a watan Yuli 1937 domin tozarta abin da suka kira gurɓatacciyar fasaha, sun keɓe wa Dada bango guda. Grosz ya tafi Amurka a 1933. Heartfield ya gudu Firag, daga nan Landan. Huelsenbeck ya zama likitan ƙwaƙwalwa a Amurka da sunan Charles Hulbeck. Hausmann ya ƙare rayuwarsa a Limoges ta Faransa a 1971. Schwitters ya gudu Nowe a 1937, sannan Ingila a 1940, inda ya rasu a 1948. Höch ta zauna a wani ɗan gida a bayan garin Balin, ta ɓoye takardu da ayyukan abokanta har yaƙi ya ƙare. Da yawa daga abin da manazarta suka dogara da shi a kan Dada ta Balin ya tsira ne ta hannunta.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an kawo tushen tafiyar Dada da yadda ta shigo Balin, an kuma duba matsayinta game da mantiƙi da ma'ana, sannan aka bi diddigin hamayyar da ta gudana tsakanin jagororinta. An ga cewa sun karya ƙa'idojin mantiƙi ne da sani, ta hanyar tufka da warwara, da dogaro ga dace, da kwaikwayon ba'a. An ga kuma cewa ayyukansu sun isar da saƙo har ya kai su gaban alƙali. Daga ƙarshe an nuna cewa rigingimunsu sun ta'allaƙa ne a kan tambaya guda, wato mece ce Dada kuma wa yake da ikon faɗin haka. Huelsenbeck da Grosz da Heartfield sun ɗauke ta gwagwarmaya, Hausmann ya ɗauke ta falsafa, Schwitters ya ɗauke ta hanyar sabunta fasaha, Höch kuma ta juya wuƙarta har kan abokan tafiyarta. Wannan ya tabbatar da cewa kalmar da aka bari ba tare da ma'ana ba, ba ta daɗewa a haka, domin masu amfani da ita za su cika ta, kuma za su yi faɗa a kan abin da aka zuba. A babi na gaba za a duba tasirin wannan tafiya a kan mazhabobin da suka biyo bayanta.